Yaya ake auna aikin mai binciken cututtukan fata? Tambayoyi da amsoshi

Wata 'yar ƙanwata da ke karatun likitanci a Garwa, arewacin Kamaru, ta zo gaishe ni ranar wata Juma'a da yamma, sai ta miƙo mini wayarta ta ce: "Kawu, wannan malamin nake so ya jagoranci bincikena na kammala karatu, amma na kasa gane ma'anar lambobin nan." Shafin wani likitan fata ne a Google Scholar, rumbun intanet mai tattara rubuce-rubucen masana, hotonsa a sama, jerin rubuce-rubucensa a ƙasa, a gefe kuma ga lambobi da ɗan zanen da ke nuna hawa da saukarsu shekara bayan shekara. Tambayoyin da ta yi mini a ranar su ne na tsara a nan, tare da amsoshinsu.

Me ake nufi da wallafe-wallafen mai bincike?

Ana nufin maƙalun da ya rubuta aka buga a mujallun ilimi, waɗanda ba sa buga rubutu sai edita ya aika da shi ga masana biyu ko uku na fannin sun tantance shi, sun nemi a gyara ko sun ce a yi watsi da shi. Maƙalun ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wadda ke ɗauke da sabon bincike, misali ƙidayar yaran da ke fama da ƙora a makarantun wani gari. Akwai wadda ke tattara abin da wasu suka gano ta yi nazari a kai. Akwai kuma rahoton majinyaci guda, wanda ya yi yawa a fannin fata saboda fanni ne na gani da ido, hoto ɗaya na wani baƙon gyambo yana iya zama darasi. Jerin sunayen marubuta ma yana da ma'ana: a al'adar likitanci, na farko shi ne ya yi mafi yawan aikin, na ƙarshe kuma shi ne babban malamin da ya jagoranta.

To, lambobin me suke ƙirgawa?

Ambato suke ƙirgawa, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar mutum a cikin nasu rubutun. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ne ya mayar da wannan ƙidaya sana'a, inda cibiyarsa da ke Philadelphia ta fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964. A yau manyan rumbunan da ake dubawa su ne Web of Science, da Scopus, da Google Scholar, biyun ƙarshe duk a 2004 aka buɗe su.

Lambar da ta fi shahara ita ce ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya ƙirƙiro a 2005. Lissafinsa yana da sauƙi. A ɗauka likita yana da maƙalu bakwai, aka jera su daga wadda aka fi ambata, aka samu 40, 22, 15, 9, 7, 4, 1. Maƙalu biyar kowacce ta sami ambato biyar ko fiye, amma ta shida ba ta kai shida ba, saboda haka ma'auninsa 5 ne. Ko da ta farkon ta kai ambato dubu, ma'aunin ba zai motsa daga 5 ba. Kuma tunda ambato taruwa yake yi, lambar dattijon da ya daɗe da barin aiki ba ta raguwa, ta matashi kuwa sai ta ɗauki shekaru kafin ta tashi.

Ita mujalla ma tana da nata ma'aunin?

Tana da shi, ana kiransa ma'aunin tasiri, kuma kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi duk shekara. Idan mujalla ta buga maƙalu 100 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 300 a 2024, ma'auninta 3 ke nan. Matsakaici ne kawai, ba ya faɗin komai game da maƙala guda, shi ya sa wata sanarwa da masana suka tsara a San Francisco a 2012 ta nemi a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a cikinta.

Ke nan wanda ya fi yawan ambato ba lallai ne ya fi amfani ba?

A nan ne na fi daɗewa da 'yar ƙanwar tawa, domin a nan kuskuren yake. Ambato yana nuna yawan masu rubutu da suka koma ga aikin mutum, saboda haka yawansa ya dogara ne da yawan masu rubutu a kan batun. Masu binciken sankarar fata da cututtukan da kamfanonin magani ke zuba wa kuɗi suna da yawa ƙwarai a Amurka da Turai, suna ta ambaton juna. Wanda ya duƙufa a kan ƙazwa, ko makero, ko gyambon da wani ƙaramin ƙuda ke haddasawa wanda aka daɗe da sanin yankin Mokolo na arewacin Kamaru da shi, masu bin sahunsa ba su da yawa, duk da cewa masu ciwon suna cika layin asibitocinmu.

Ga kuma matsalar harshe. Da Faransanci yawancin likitocin Kamaru da Chadi suka yi karatu, da shi suke rubuta da yawa daga cikin ayyukansu, manyan rumbunan kuwa sun fi karkata ga Ingilishi. Maƙalar da ta fito a mujallar wata tsangayar likitanci ta cikin gida tana iya zama ita ce kaɗai shaidar da ake da ita a kan wata cuta a lardi guda, amma idan Scopus bai san da mujallar ba, a wurinsa kamar ba a rubuta ta ba. Wannan ne ya sa mutum ɗaya kan sami lambobi uku mabambanta a rumbuna uku, ta Google Scholar ce galibi ta fi girma domin shi ba ya tsananta zaɓe.

Misalin Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya isa a yi tunani a kai. A 1975 ya tsara rabe-raben fata bisa yadda rana ke ƙona ta, don a san adadin hasken da za a yi wa majinyata magani da shi. Fararen fata ya fara yi wa tsarin, daga baya aka ƙara rukuni na biyar da na shida don masu duhun fata, kuma maƙalarsa ta 1988 a kan rukunan shida tana cikin waɗanda ake yawan ambata a fannin har yau. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Marwa ya dubi fuskokin jama'a ya san cewa rukuni biyu ba za su ɗauke launukanmu ba. Aikin ya yi tasiri babu shakka, sai dai yawan ambatonsa bai sa ya dace da mu ba. Af, kada a manta cewa wanda ya ambaci maƙala don ya ƙaryata ta, shi ma an ƙirga shi, haka wanda ya ambaci kansa.

Idan ba da lamba ba, da me za a gane tasirin?

Da abin da ya sauya a ɗakin duba marasa lafiya. Antoine Mahé, likitan fata Bafaranshe, tare da Ousmane Faye da sauran abokan aikinsu a Bamako, sun wallafa a 2005 wani tsari mai sauƙi da ke nuna wa ma'aikacin ƙaramin asibiti yadda zai bambanta ƙuraje masu ruwa da ƙazwa da ƙora, da kuma tabon da ya kamata ya sa shi zargin kuturta ya tura majinyaci gaba. Horon yini ɗaya suka gina a kansa. Ma'aikacin jinyar da ya koyi tambayar uwa ko akwai wani a gidan da ke susa da dare, ya kuma buɗe tsakanin yatsun yaro ya duba, ba zai taɓa rubuta maƙalar da za ta ambaci kowa ba, amma gida guda ya rabu da ƙaiƙayi.

Haka nan Farfesa Ahmed Fahal na Khartum, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan maisitoma, ciwon da ke kumbura ƙafar manoma da makiyaya har ya ci ƙashi. Aikin cibiyarsa yana cikin abin da ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ga sanya cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Ƙazwa ta shiga jerin a 2017. Shiga wannan jeri yana jawo hankalin masu ba da kuɗin bincike da ma'aikatun lafiya, kuma a ganina ya fi kowace lamba nauyi.

Me ya sa malamanmu suke bin lambobin duk da haka?

Saboda ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan wallafa. Hukumar CAMES mai kula da ilimin jami'a, wadda aka kafa a 1968 kuma mazauninta yake Wagadugu, tana duba takardun malaman ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci, har da Chadi, ita ce kuma ke shirya gasar hawa matakin manyan malaman likitanci. Kamaru tana cikin hukumar, tana kuma da nata kwamitin na ƙasa mai duba ƙarin girma. Malami ba shi da zaɓi illa ya tara maƙalu, alhali wasu manyan mujallu suna karɓar dubban daloli kafin su buga maƙala a buɗe ga kowa, ko da yake da yawansu kan yi rangwame ga marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an nema. A wannan matsi ne mujallun bogi suke samun kasuwa: su aiko da saƙon yabo ta imel, su yi alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, su karɓi kuɗi ba tare da wani masani ya karanta ko layi ɗaya ba.

To, ɗalibi mai neman jagora me zai duba?

Na ce mata ta bar lambar da ke gefe tukuna, ta zaɓi maƙalu uku na baya-bayan nan ta karanta su tun daga farko har ƙarshe. Ta duba ko mujallun suna cikin PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ko African Journals Online, rumbun mujallun Afirka, ta duba a ina aka tattara majinyatan, mutum nawa ne, kuma ko an nemi izininsu kafin a ɗauki hoton jikinsu. Sannan ta lura da sunayen farko: idan tsofaffin ɗalibansa ne ke fitowa a gaba, sunansa a ƙarshe, alama ce ta malamin da ke barin na ƙasa da shi su ci gajiyar guminsu.

Ta koma kan wayar ta yi ta gangarawa, can sai ta tsaya a kan wata maƙala ta Faransanci game da illar man bilicin ga fatar mata, wadda ambatonta bai taka kara ya karya ba. Ta ce da ita za ta fara, domin a makon da ya gabata kaɗai ta ga mata uku a asibitin da take koyon aiki da irin tabon da aka kwatanta a cikinta.