Waiwaye: Daga Yatsan Magini Zuwa Buroshin Mai Fenti

Kafin fentin gwangwani ya shigo ƙauyukan Kano da Jigawa, adon bango aikin magina ne, sana'ar gado mai sarautarta, wato Sarkin Magina. Tun yaɓe na da danshi ake fitar da dagi ko zayyana a fuskar zaure, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mai hali laso ake yi masa, wato shafe mai hana ruwa shiga bango: katsi (abin da ke kwantawa a ramin rini) daga marina, gashin jima daga majema, a haɗa da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Mai son ganin irin wannan hannu ya leƙa Gidan Makama a Kano.

Da siminti ya zo, sai sana'ar ta fita daga gidan gado. Yaro mai hannu ya kan je ya kama maigida, ya koyi rubutun allon shago, adon bayan babbar mota da zanen bangon makaranta. Ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, nan ake samun aiki, nan kuma suna yake fita, domin a ƙasan kowane allo ana sa sunan wanda ya yi.

Koyon ba ya gaggawa. Da wanke buroshi da kananzir ake farawa, sai kankare bango, sai buga layi da zare da alli, sai cike haruffan da maigida ya fitar. Haɗa kala ne ƙarshe, kuma a nan ake gane wanda ya zauna ya koya. Sabon filasta yana son kamar mako 4 kafin a sa masa fentin mai. In aka yi garaje, danshin ciki ya tura fentin ya kumbura ya ɓare. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake zuba hawaye. Da hunturu kuwa ƙura na manne wa ɗanyen fenti, shi ya sa gwanaye ke yayyafa ruwa a ƙasa kafin su fara. Bangon da gindinsa ke fitar da farin gishiri, ko an fente shi ba ya kai damina biyu.

Injin buga bana, wato ƙyallen talla, ya karya kasuwar allo ƙwarai, amma waya ta buɗe wata ƙofa. Yau yaron ne ke ɗaukar bidiyon aikin ya sa a TikTok ko Facebook, shi ake kira daga Dutse ko Kano, alhali tsarin zanen da haɗin kalar na maigida ne. Inda aka zauna lafiya, za ka tarar tun kafin a ɗora tsani an cire kuɗin fenti da na mota, an yanka rabon kowa, an kuma rubuta sunaye biyu a kusurwar bangon, na maigida a sama.