Mece ce ekwasiyon antegaral, kuma me ya haɗa ta da zafin ɗakin kwano?

Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da wuya ya gama karatu bai ci karo da abin da malamai ke kira ekwasiyon antegaral ba. Da Hausa sai mu ce lissafin daidaito mai tarawa: abin da kake nema yana ɓoye a cikin jimillar da dole ka tara kafin ka same shi.

Shiga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu. Rufi na watso zafi kan bango, bango na mayar wa rufi da daɓe, daɓe ma haka. In kana son sanin zafin da ke fita daga wani ɗan gurbi a bangon gabas, sai ka tara abin da kowane lungu ke aiko masa. Amma abin da lungunan ke aikowa ya danganta da abin da shi gurbin ya aika musu. Kowa na bin kowa bashi, to wa za a fara lissafa wa?

Tsohuwar matsala ce. Masanin lissafi Abel ɗan Norway ya warware irinta a 1823, Fredholm ɗan Suwidin ya shimfiɗa mata ƙa'ida a 1903, sai dai da alƙalami kaɗan ne daga cikin irin waɗannan matsalolin ke warwaruwa.

Nan manhajojin multifizik irin COMSOL Multiphysics (ita ma daga Suwidin ta fito) suke shigowa. Multifizik na nufin a lissafa abubuwa da yawa masu taɓa juna a tare: zafi, yawon iska, miƙewar ƙarfe. Manhajar na yanka bango da rufi ƙanana-ƙanana, ta mai da tarawar jerin lissafi, ta warware su lokaci guda. Tunda kowane yanki na iya kallon kowane, yanki 10,000 na iya haifar da lambobi miliyan 100. Shi ya sa ƙaramar kwamfuta ke cijewa.

Shi kansa Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da jami'ar ke ɗauke da sunansa, wanda ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, kan zafin rana ya yi aikinsa, na'urorin dumama ruwa da girki. Mai zana irinsu a yau da wannan lissafi zai duba zafin da tukunya ke samu da wanda ke tsere mata. Sai fa ya shigar da ƙurar hunturu da ke rufe madubin na'urar da kansa, don manhajar madubi mai tsabta ta sani in ba a faɗa mata ba.