Ƙaurar 'Yan Mormon Zuwa Yammacin Amurka

Ƙaurar 'yan Mormon ita ce tashin da mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa a 1830 suka yi daga tsakiyar Amurka zuwa kwarin Salt Lake, a jihar Utah ta yanzu, tsakanin 1846 da 1869. An ƙiyasta cewa mutum dubu 60 zuwa dubu 70 ne suka bi wannan hanya mai tsawon kimanin kilomita 2,100.

Dalilin tashi

Jama'ar ba ta taɓa zama lafiya da maƙwabta ba. An kore su daga Missouri bayan da gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni a 1838 cewa a fitar da su ko a hallaka su. Suka gina garin Nauvoo a Illinois, can ma rikici ya biyo su. A ranar 27 ga Yuni, 1844, gungun mutane suka kashe Joseph Smith da ɗan'uwansa Hyrum a gidan yarin Carthage. Brigham Young ne ya gaji jagorancin mafi yawan mabiya.

Hanya

Ayarin farko ya ƙetare kogin Mississippi a watan Fabrairun 1846, sanyi na tsakiyarsa. Laka da ruwan sama suka riƙe amalanken shanu a Iowa, har tafiyar ta ci kusan wata huɗu. Suka yada zango a Winter Quarters, kusa da Omaha ta yau, inda ɗaruruwa suka mutu saboda zazzaɓi da ƙarancin abinci mai gina jiki. A wannan shekara ne gwamnati ta ɗauki kimanin maza 500 daga cikinsu aikin soja a yaƙin Amurka da Mexico, albashinsu kuma ya taimaka wa iyalan da suka rage.

A watan Afrilun 1847 Young ya tashi da mutum 148: maza 143, mata 3, yara 2. Cikin mazan akwai bayi baƙar fata uku, Green Flake da Hark Lay da Oscar Crosby. Sun bi arewacin kogin Platte, suka ratsa mashigar duwatsu ta South Pass da zangon Fort Bridger. William Clayton, ɗaya daga cikin matafiyan, wanda ya gaji da ƙirga juyin ƙafar amalanke da ido, shi ya sa aka ƙera na'urar katako mai auna nisa. Young ya isa kwarin a ranar 24 ga Yuli, ba shi da lafiya, kwana biyu bayan 'yan gaba. Yankin na ƙarƙashin Mexico ne a lokacin, sai a 1848 ya koma hannun Amurka.

Masu tura amalanke

Talakawan da suka shigo addinin a Ingila da ƙasashen arewacin Turai ba su da kuɗin shanu. Daga 1856 zuwa 1860 ayari goma, kusan mutum 3,000, suka yi tafiyar a ƙasa suna jan kayansu a ƙananan amalanke. Ayari biyu, na Willie da na Martin (sunayen jagororinsu), sun yi lattin tashi a 1856, dusar ƙanƙara ta ritsa da su a Wyoming, fiye da mutum 200 suka rasu kafin masu ceto su kawo su kwarin. Har yanzu ana saɓani kan wanda ke da alhakin wannan jinkiri.

Mazaunan asali

Ƙabilun Ute da Shoshone da Goshute da Paiute sun rasa filaye da mashayar ruwa, an kuma yi faɗace-faɗace da su.

Ƙarshen zamanin

Haɗuwar layin dogo na gabas da na yamma a Promontory Summit, cikin Utah, a watan Mayun 1869 ta kawo ƙarshen tafiyar amalanke. Ranar 24 ga Yuli hutu ce a Utah, don tunawa da isar Young kwarin.