Ƙa'idar Ƙarin Jini Bayan Tiyatar Gyambon Hanji: Dalilin da Ya Sa Likita Ba Ya Gaggawar Rataya Leda

Kwana biyu ke nan da aka cire wa wani matashi babban hanjinsa. Mahaifiyarsa tana zaune a bakin gado, ta juya tafin hannunsa ta ga ya yi fari fat, ta ja fatar ƙasan idonsa ta ga babu ja ko kaɗan. Likita na shigowa zagaye ta tare shi: "Likita, yaron nan ba shi da jini, a taimaka a ƙara masa ko da leda biyu ce." Likita ya duba takardar gwaji ya ga ma'aunin jinin 7.8 ne, ya ji bugun zuciyar yaron, ya tambaye shi ko yana haki ko jiri, sannan ya ce, "Mama, a dakata tukuna, za mu sake aunawa da yamma." Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san yadda irin wannan amsa take sukar zuciya. Sai dai ƙa'ida likitan ya bi, kuma gara a fahimce ta tun kafin ranar da za a tsaya a bakin gadon.

Ciwon shi ne wanda likitoci ke kira alsaretib kolaitis, wato kumburi da gyambo a bangon ciki na babban hanji. Daga dubura yake farawa ya yi sama, mai shi ya yi ta gudawa mai jini da majina, ciwon ya lafa ya sake tashi, shekara da shekaru. Idan magunguna suka gaza, ko hanjin ya kumbura yana neman fashewa, ko aka hango alamun ciwon daji, sai a cire shi. Sau da yawa akan naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a yi wata 'yar jaka a haɗa ta da dubura, aikin da Alan Parks da John Nicholls suka bayyana a 1978 a asibitin St Mark's da ke Landan. Ɗinkin wannan jaka can cikin ƙugu yake, wurin da ido ba ya kaiwa. Idan ya yi yoyo ko mugunya ta taru a kusa da shi, abin kan kai ga sake tiyata, wani lokaci ma a rasa jakar ɗungurungum. Shi ya sa duk abin da zai ƙara haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta a wannan aiki ba a ɗaukarsa da wasa.

Ita ƙa'idar a kan ma'aunin himogulobin aka gina ta, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ana auna shi da giram a kowace desilita. Lafiyayyen namiji yana da 13 zuwa sama, mace 12. Tun daga 1942 aka saba ƙara wa mai tiyata jini da zarar ya sauka ƙasa da 10, aka yi sama da shekara hamsin a haka ba tare da wani babban gwaji ya tabbatar da amfanin yin hakan ba. A 1999 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a Kanada kan marasa lafiya 838 da ke sashen kulawa ta musamman: waɗanda aka jira sai sun sauka ƙasa da 7 ba su fi waɗanda aka ƙara wa tun daga 10 mutuwa ba. Daga nan aka fara sauya hannu. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin aiki, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ce ga wanda ba ya zubar da jini mai yawa a sa 7 a matsayin iyaka, kuma bayan ƙarin a nemi tsakanin 7 da 9 kawai. Ƙungiyar AABB ta masana ƙarin jini a Amurka ma 7 ta tsayar, a 2016 da kuma 2023.

Ɓangare na biyu na ƙa'idar ya fi taɓa iyalin mara lafiya kai tsaye: leda ɗaya a lokaci guda. A sa guda, a sake duba mutum, a sake auna jini, sannan a ga ko akwai buƙatar ta biyu. Leda ɗaya takan ɗaga ma'aunin baligi da kusan 1, don haka wanda yake 6.8 guda ɗaya na iya fitar da shi daga haɗari, ta biyun kuma ta zama ƙarin kasada ba tare da ƙarin amfani ba.

To wace kasada? Yawancinmu in an ce haɗarin ƙarin jini, cutar ƙanjamau da ciwon hanta ne ke faɗo mana a rai. Inda ake tantance jini yadda ya kamata wannan ya ragu ƙwarai. Abin da ke damun likitan hanji daban ne: jinin wani, ko da tsaftatacce ne, yana iya sassauta garkuwar jikin wanda aka ƙara wa. Ta hanyar dashen ƙoda aka fara gano haka, a 1973, lokacin da Gerhard Opelz da abokan aikinsa suka lura cewa ƙodar da aka dasa ta fi daɗewa a jikin waɗanda aka taɓa ƙara wa jini, domin jikinsu bai yi saurin yaƙarta ba. Ga mai dashe wannan alheri ne. Ga wanda aka buɗe masa hanji, inda ƙwayoyin cuta suke jibge, sassaucin garkuwa a makon farko shi ne abin gudu. Nazarin da likitocin asibitin Cleveland Clinic na Amurka suka buga a 2006 kan mutum sama da dubu da aka yi wa jakar hanji ya nuna cewa waɗanda aka ƙara wa jini sun fi kamuwa da ƙwayoyin cuta bayan aikin.

A nan dole a yi adalci. Wanda aka ƙara wa jini galibi shi ne wanda ciwonsa ya fi tsanani, ko aikinsa ya fi wahala, ko ya daɗe yana shan magungunan sitiroyid irin su faredinisolon, waɗanda su kansu suna raunana garkuwa da hana ɗinki kamawa. Saboda haka ba kowace mugunya za a ɗora wa ledar jini ba. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, a wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2014, an ga ɓangaren da aka taƙaita wa ƙarin jini sun fi ƙarancin kamuwa da munanan cututtukan asibiti. A ganina wannan ya isa dalilin taka-tsantsan: idan jiran ba ya cutarwa, gaggawar kuma tana iya cutarwa, to jiran ya fi.

Ƙa'idar ba ta ɗaure hannun likita ba. Wanda jini ke zuba daga jikinsa ba a jiran takardar gwaji, a take ake ƙara masa. Mai ciwon zuciya iyakarsa 8 ce, domin zuciyarsa ba ta jure ƙarancin iska. Wanda ƙirji ke masa ciwo, ko yake haki yana kwance, ko bugun zuciyarsa ya ƙi sauka duk da ruwan da aka sa masa, likita na iya ƙara masa ko ma'auni bai kai iyakar ba. Ba dokar majalisa ba ce, jagorar aiki ce, amma wanda ya kauce mata ana sa ran ya iya faɗin dalilinsa.

Mara lafiya ma yana da haƙƙi a ciki. Jagorar NICE ta ce a yi masa bayani da baki da kuma a rubuce: dalilin ƙarin, amfaninsa da haɗarinsa, da abin da za a iya yi a madadinsa. Idan gaggawa ta hana a faɗa masa tun farko, a faɗa masa daga baya. A Birtaniya har ana sanar da shi cewa daga ranar ba zai ƙara ba da gudummawar jini ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake barin mutum ya isa ɗakin tiyata da jininsa a ƙasa, alhali akwai lokacin gyarawa. Mai wannan ciwo ya daɗe yana zubar da jini kaɗan-kaɗan a bayan gida, sinadarin ƙarfen jikinsa, wanda da shi jiki ke haɗa jini, ya ƙare, kumburin kuma yana hana hanji tsotsar wanda ya sha. Shi ya sa likitocin hanji na Turai suka fi son a ba da sinadarin ƙarfe ta jijiya idan ciwon na kan ganiyarsa ko ma'auni ya gaza 10, tunda ƙwayar sha takan ƙara dama ciki. A lokacin aiki kuma, in ana hasashen zubar jinin zai wuce mililita 500, jagorar NICE ta 2015 ta ce a ba da maganin taranekzamik mai rage zuba. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wannan tsari na tattalin jinin mara lafiya tun 2010.

Tiyatar gaggawa ba ta ba da wannan dama, gaskiya ne. Amma aikin jakar hanji yawanci kashi biyu ko uku ake yin sa, da tazarar makonni ko watanni a tsakani, mutum yana bayan gida ta ledar da aka manna masa a fatar cikinsa. A wannan tazara ce ya kamata mara lafiya ya tambayi likitansa nawa ne ma'aunin jininsa, nawa ne ajiyar ƙarfensa, kuma me za a yi a ɗaga su kafin a sa ranar aiki na gaba.