Rigakafin kashe kai

Rigakafin kashe kai shi ne dukkan matakan da hukumomin lafiya, gwamnatoci, iyalai da sauran jama'a ke ɗauka domin hana mutum hallaka kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 720,000 ne ke rasa ransu ta wannan hanya kowace shekara, kuma a 2021 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi cin rayukan matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Kashi 73 cikin 100 na waɗannan mace-mace suna aukuwa ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka fi ƙaranci.

Ba a jingina lamarin ga dalili guda. Ciwon damuwa mai tsanani da shaye-shaye suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, haka nan bashi, mutuwar aure, rashin lafiya mai daɗewa, cin zarafi da kaɗaici. Babu alamar haɗari da ta kai mutum ya taɓa yunƙurin a baya. Sai dai abin da masana suka fi nanatawa shi ne, sau da yawa ƙuncin da ke kai mutum ga wannan shawara na ɗan lokaci ne, yakan taso da ƙarfi ya kuma lafa, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙurin ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. A kan wannan ne aka gina aikin rigakafi gaba ɗaya, domin duk abin da ya jinkirta mutum a wannan sa'a yana iya zama sanadin tsirarsa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga taƙaita abubuwan da ake cutar da kai da su. Ƙasar Siri Lanka ta riƙa hana shigo da magungunan kashe ƙwari mafiya guba, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, ba tare da noma ya durƙushe ba. Birtaniya ma ta ga raguwa a shekarun 1960, lokacin da aka sauya iskar gas mai guba da ake amfani da ita a gidaje. Wannan ya rushe zaton da mutane da yawa ke yi cewa wanda aka hana shi wata hanya lallai zai nemi wata.

Yadda ake ba da labari shi ma yana da tasiri. A 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa kashe kai yana ƙaruwa bayan jaridu sun kambama labarin wani da ya aikata, yayin da a birnin Biyana na Ostiriya aka samu raguwa mai yawa bayan 'yan jarida sun rungumi ƙa'idojin taka-tsantsan a 1987. Shi ya sa ake buƙatar kafofin watsa labarai, har da masu rubutu a intanet, su guji bayyana hanya ko wuri, su kuma riƙa nuna inda ake samun taimako. Waɗannan matakai biyu, wato taƙaita abubuwan cutar da kai da kuma taka-tsantsan wajen ba da labari, tare da koya wa matasa dabarun jure matsi da kuma gano masu haɗari da wuri a ci gaba da bibiyarsu, su ne ginshiƙai huɗu na jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021.

Tsangwama ce ke gurgunta ginshiƙi na ƙarshe, wato gano masu haɗari da wuri. Mutumin da yake tsoron a kira shi mahaukaci ko rago zai ɓoye halin da yake ciki, iyalinsa kuma su rufe maganar don gudun abin kunya, har alƙaluman hukuma su kasa nuna girman matsalar. Wannan babban rashin adalci ne ga wanda ciwonsa yake da magani kamar kowane ciwo. Bincike ya nuna cewa tambayar mutum kai tsaye, cikin natsuwa da tausayi, ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma takan sauƙaƙa masa nauyin da ke ransa. Abin da ake so daga mai tambaya shi ne ya saurara ba tare da zargi ba, kada ya bar mutumin shi kaɗai idan haɗarin ya yi kusa, ya kuma haɗa shi da ma'aikacin lafiya.

Doka ma tana iya ƙara tsangwama, domin inda yunƙurin kashe kai laifi ne, wanda ya tsira yakan guji asibiti. Ingila da Wales sun soke wannan laifi a 1961, Singafo a 2020, Pakistan a 2022, Ghana da Malesiya kuma a 2023.

Tun 1953 ƙungiyar Samaritans ta buɗe layin tarho a Landan domin sauraron masu ƙunci, kuma ƙasashe da dama sun bi sahu, ciki har da Amurka da ta ƙaddamar da lamba 988 a 2022. Ranar 10 ga Satumba ita ce ranar rigakafin kashe kai ta duniya, wadda aka fara a 2003, kuma rage mace-macen da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030 yana cikin muradun da ƙasashen duniya suka amince da su.