An sayar da gida, ba a cika kuɗi ba, mai saye kuma ya tare: gidan na wa ne?

Ya biya rabi, ya karɓi makulli. Gidan ya zama nasa?

Ya danganta da dokar da aka ƙulla cinikin a kanta. A dokar gargajiya, kotunan Najeriya na neman abu uku: a biya kuɗi, a miƙa gidan, a yi hakan gaban shaidu. A shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda ya ba da wani kaso ya kasa cikawa a lokacin da aka ɗiba, zamansa a wurin bai ba shi mallaka ba, kuma mai shi na iya warware cinikin ya sayar wa wani. In ba a sa rana ba, kotu ce ke auna ko jiran ya wuce ƙima.

A fiƙihun Malikiyya kuwa ciniki na ƙulluwa ne da "na sayar, na saya". Ragowar kuɗin bashi ne a wuyan mai saye, shi kuma mai sayarwa yana da ikon riƙe gidansa har a biya shi. Nan ne mutanenmu ke yi wa kansu: don kunya ko don bakin dillali, sai a miƙa makulli tun kuɗi bai cika ba.

To mai gida ya canja kwaɗo, ya fitar masa da kaya?

A'a. Kotu ba ta yarda mutum ya ɗauki doka a hannunsa ba, mai gaskiya ma sai ya koma wanda ake tuhuma. Ya rubuta takardar neman cikon kuɗi, ya sa wa'adi. In wa'adin ya wuce, ya nemi kotu ta karɓar masa kuɗinsa ko ta mayar masa da gidansa.

In mai saye ya kawo cikon a kan lokaci, aka ƙi karɓa fa?

Wannan yakan faru idan gidaje suka yi tsada, mai sayarwa ya fara cizon yatsa. Mai saye na iya roƙon kotu ta tilasta a cika alkawari, muddin ya nuna kuɗin na hannunsa kuma ya miƙa su. Ya adana rasit da shaidar banki.

Kafin alƙalami yana dawowa?

Malikiyya sun hana sharaɗin cewa kuɗin ya zama na mai kaya in ciniki ya watse. A babbar kotu kuwa, ana duba abin da takardar ciniki ta kira kuɗin.

Wace kotu za a je?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke sauraron rikicinsa, sashe na 39 ke nan. Sashe na 22 kuma ya wajabta amincewar gwamna kafin irin wannan fili ya koma hannun wani. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan amincewa.