Sana'ar Fara da Kiwon Ƙwari a Ƙasar Katsina

Sana'ar fara tana cikin tsofaffin ƙananan sana'o'i a ƙasar Katsina da Daura, kuma mata da 'yan mata ne suka fi riƙe da ita. Ba kiwon fara ake yi ba, kamo ta ake yi a daji.

Asali

Cin fara ya daɗe a ƙasar Hausa. Malamai suna kafa hujja da hadisin da ya halatta mushe biyu, kifi da fara, shi ya sa ba a yanka ta. Farin ɗango da suka mamaye Afirka ta Yamma wajen shekarun 1930 sun bar tarihi a bakin tsofaffi: garken da ya cinye gero, shi aka riƙa tarawa ana busarwa don maganin yunwa. An sake ganin irin wannan annoba a yankin Sahel a 2004.

Ana kamun fara daga kaka zuwa hunturu, da dare ko da asuba, lokacin da sanyi ya hana ta tashi. A dafa ta da gishiri, a shanya, a cire fukafukai, sannan a soya da mai a barbaɗa yaji, wasu har da lemon tsami. Farar tumfafiya ba a cin ta. Kaso mai yawa na busasshiyar fara yana shigowa ne a buhuna daga Jamhuriyar Nijar, musamman yankin Maraɗi, ta hanyar Jibiya. Dillalai suna aunawa da tiya, masu talla kuma su ƙulla a leda su kai bakin makarantu da tashoshin mota.

Shinge, wato garar da ke fitowa da fukafukai a farkon damina, ita ma ana soyawa, amma cinikinta bai kai na fara ba.

Kiwon tsutsa

Wannan sabon abu ne. Tsadar abincin kaji da na kifi ta sa wasu suna kiwon tsutsar wani irin ƙuda da ake kira baƙin ƙudan soja a robobi, suna ciyar da ita dusa da ragowar abinci. Takan isa kwashewa cikin kimanin mako 2. 

Fargaba

Ana fargabar cin farar da aka kama a gonakin da aka yi wa feshin maganin ƙwari.